Shaidar da Na Riƙe wa Yayana Kan Jirgi Mai Saukar Ungulu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Yayana ya riga ni tafiya wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na bakin ruwa a Yelwa ta Yauri, bayan jinyar da ba ta cika wata guda ba. Ni ne autan ɗakinmu. Aikin tafinta a tashoshin jiragen ruwa ya yawata da ni, na zauna makoki a Ikko da Kwatano da Dakar da Jidda. Na ga inda ake kuka da ƙarfi, na ga inda ake zama jugum kamar an ɗauke numfashi. Amma ban taɓa ganin zaman makokin da liman ya miƙe har sau biyu yana roƙon dattawa su rage dariya ba, sai na Yaya.

Ba rashin tausayi ba ne. Mutane sun zo daga Wara, daga ƙauyukan Shanga, daga tsibiran cikin tafki, masunta da masu lodin jirgi da mata masu bandar kifi. Kowa zai durƙusa, a yi addu'a, a shafa, ido ya yi ja. Sai can wani ya ɗaga hannu sama da kansa yana juya shi, yana cewa "fat-fat-fat-fat," sai rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Haka Yaya yake yi duk lokacin da zai fara labarinsa na jirgi mai saukar ungulu, kuma babu wanda ya taɓa shiga jirginsa na fito bai ji wannan labari ba. Har sunansa ya ɓace, Saukar Ungulu kawai ake ce masa.

Wata dattijuwa ta zo daga wajen Shanga, ba mu san ta ba. Ta tsaya bakin zaure ta ce a faɗa wa iyalin mamaci ita ce matar da ya ciro daga ruwa da igiyarsa, shekarar da jirgin 'yan kasuwa ya hau kututture ya kife. Ta ce ɗiyar da take goye da ita ranar, yanzu 'ya'yanta uku. Ta ajiye ƙwaryar gero ta juya, ko ruwa ba ta tsaya sha ba.

Ina cikin jin daɗin wannan ne tsohon hedimastan garinmu, wanda yanzu kunnensa ya yi nauyi har yana magana kamar mai kiran jirgi daga tsallake, ya ce:

"Allah Ya jiƙan Saukar Ungulu! Mutumin kirki, ba ya cin amana. Sai dai fa akwai ƙarin gishiri!"

Aka yi dariya, aka ce amin. Ni kuwa maganar ta soke ni kamar ƙayar kifin kurungu. Domin duk cikinmu ni kaɗai na san Yaya bai ƙara ko ƙwayar gishiri a labarin nan ba, kuma ni ne dalilin da ya sa garinmu ya ɗauke shi mai ƙarin gishiri har ya shiga kabari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Yaya bai yi boko ba. Allo ya yi, ya sauke abin da ya sawwaƙa, ya koma ruwa. Yana saurayi aka tare kogi, ruwa ya haɗiye tsohon ƙauyenmu da gonakinsa da itatuwansa, kuma har ya mutu yana riƙe da taswirar abin da ke ƙasa a kansa. Za ka ji yana tuƙi yana cewa, "Yanzu muna bisa tsamiyar Kawu. Can gaba kaɗan masallaci." Yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin mahaifinmu. Idan ya isa inda yake shakka, sai ya kashe inji, ya ce kowa ya yi shiru, ya tsoma filafilin tuƙa kwalekwale cikin ruwa, ya manna ƙotarsa a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Da haka yake jin kukan kurungu, da gurnanin injin da ke zuwa tun ba a hango shi ba, da yadda ruwa ke canza murya idan yana gewaya kututture. Yakan ce, "Ruwa ba ya ɓoye komai, mutane ne ba su iya shiru ba." Fasinja mai surutu a irin wannan lokaci, ko alhaji ne, sai ya sha tsawa.

Shekaru da dama da suka wuce, ina aiki a Ikko, ya zo sayen sabon injin jirgi ya sauka gidana. Zuwansa ya yi daidai da ziyarar wani jirgin yaƙi na sojan ruwan wata ƙasar ƙetare, masu magana da Faransanci. Sun ware yini guda don baƙi su shiga su gani, aka ɗauke ni tafinta, aka kuma ba ni damar zuwa da mutum ɗaya. Da na gaya wa Yaya, bai tambaye ni girman jirgin ba, bai tambayi bindigoginsa ba. Cewa ya yi:

"Kwana nawa sunka yi bisa ruwa?"

Na ce sun fi wata.

"Subhanallahi! Kuma wa ya kai masu abinci da sunka iso?"

A wurinmu, wanda ya sauka gaɓarka daga doguwar tafiyar ruwa baƙonka ne, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, kuma ba a zuwa gaishe shi hannu sake. Saboda haka da safe na fito cikin kwat, na tarar da Yaya a ƙofa da babbar rigarsa ta Sallah, ga kwando a gabansa cike da bandar tarwaɗa da ya kawo mini tsaraba. Na ce, "Yaya, jirgin yaƙi ne fa, ba jirgin fito ba." Ya ce, "Su sojan ba su da ciki?"

A bakin tsani mai gadi ya tare kwandon, kamar yadda na zata. Na yi ta bayani cikin Faransanci ina jin kunya tana cin fuskata. Ana cikin haka ƙamshi ya jawo mai dafa abincin jirgin, wani ƙato mai jan wuya, ya ɓalli tarwaɗa ya kai baki, ya rufe ido, ya yi wata magana da ba zan fassara ba. Kwando ya wuce kafin mu. Yaya ya dube ni ya ce, "Auta, kai dai iya yare kawai."

Na ga jiragen yaƙi a tashoshi da yawa, amma ranar ce na fara ganin su da idon mutumin ruwa. Aka zaga da mu wurin manyan bindigogi, Yaya yana hamma. Da muka fito bayan jirgin, inda doronsa yake shimfiɗe kamar masussuka, aka buɗe wata ƙatuwar ƙofa, aka turo jirgi mai saukar ungulu, fukafukansa a naɗe a bayansa kamar na fara. Muna kallo, fukafukan suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya kama hannuna ya matse har na ji zafi.

"Auta! Jirgi cikin jirgi! Jirgin ruwa ya haifi na sama!"

Matuƙin ya fito ya cire hular kwano, sai ga gashi ya zubo. Mace ce, siririya, ba ta kai kafaɗar Yaya ba. Ya ja da baya taku biyu, ya ce in tambaye ta ko mijinta ya san tana nan. Ban fassara wannan ba, na ce yana yi mata sannu da hanya. Ita ce ta yi mana bayanin aikin jirgin, ina juyawa Hausa ga Yaya da Turanci ga sauran baƙi.

Ta ce jirgin shi ne idon babban jirgi. Daga doron ruwa ba ka hango nesa, amma shi yana tashi ya leƙa bayan inda ido ya ƙare, ya gano 'yan fashin teku ko manyan jiragen da ke satar kifi a ruwan da ba nasu ba. Yaya ya ce, "Har teku akwai ɓarayin kifi? To mu da ke kuka da masu taru mai ƙananan ido, ashe ciwon ɗaya ne." Ta ce idan 'yan fashi suka kame jirgin kaya, wannan ne ke kai sojoji ya tsaya a kansu, su zamo ta igiya ɗaya bayan ɗaya. Yana ɗauke wanda ya ji rauni zuwa asibiti, yana jigilar kaya tsakanin jirage a tsakiyar teku. Ta nuna mana ƙugiyar da ke ƙarƙashin cikinsa, wadda ke cafke wata raga ta ƙarfe a doron jirgi idan ya sauka ana igiyar ruwa, don kada ya zame. Yaya ya durƙusa da babbar rigarsa ya leƙa, ya ce, "Ya ɗaure kansa da kansa. Ko akuyar Inna ba ta kai shi hankali ba."

Daga nan suka tashe shi don mu gani. Ban san yadda zan kwatanta ƙarar nan ga wanda bai ji ba, tana shiga ƙirji ne kafin kunne. Iska ta fizge hular Yaya ta Sallah ta wurga ta cikin ruwa, ko waiwaya bai yi ba. Jirgin ya ɗaga, ya karkata, ya je ya tsaya cak a sama kamar tsuntsun nan mai baƙi da fari da ke tsayawa bisa tafkinmu kafin ya faɗa kan kifi. An riga an jefa mutum-mutumi cikin ruwa. Wani soja ya sauko ta igiya, ya zura masa wani zobe mai taushi ta ƙarƙashin hammata, inji ya naɗe su sama su biyu. Baƙi suna tafi. Yaya yana tsalle, dattijo da gemu, yana ihu da Hausa, "Ja shi! Ja shi, ɗan albarka!"

Amma da suka sauka fuskarsa ta canza. Ya ce in tambaye ta: iskar nan da ke dukan ruwa har ya yi rami, idan ƙaramin kwalekwale ne a ƙasa da mutane a ciki fa? Na fassara. Matuƙiyar ta daina murmushi, ta dube shi da kyau. Ta ce zai kife shi, kuma wannan na cikin abin da aka fi jan kunnensu a kai: kada ka tsaya a kan ƙaramin jirgi, ka tsaya gefe, ka miƙa igiya. Yaya ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe mai ceto ma yana kisa in ya matso da yawa."

Sai aka zo kan babban aikin jirgin, wanda ya jawo duk abin da ya biyo baya. Ta ce farautar jirgin ƙarƙashin ruwa. Akwai jiragen yaƙi da ke tafiya a nutse, ido ba ya ganin su. To wannan yakan je ya tsaya a sama, ya sauke wata na'ura da doguwar waya har cikin ruwa, wani mutum a ciki ya sa abin sauraro a kunne ya yi shiru yana ji. In ya ji, sai su bi sawu, in yaƙi ake yi su saki makamin da ke bin abokin gaba ta ƙarƙashin ruwa.

Ban gama fassara ba Yaya ya ce, "Tsaya. Maimaita."

Na maimaita.

"Su tsaya wuri guda. Su tsoma abu cikin ruwa. Su yi shiru su saurara." Ya buga ƙirji. "Auta, filafili ne! Wallahi filafilin Baba ne sunka sa ma fukafukai! Ina mai sauraren? A kira mini shi!"

Aka kira shi, wani mai sanƙo, shekarunsa sun ja, ba ya son magana. Da na bayyana masa abin da Yaya yake yi a tafkinmu sai ya ɗaga gira. Ya ce mahaifinsa masunci ne, ya taɓa jin tsofaffi suna faɗin irin haka amma bai taɓa gani ba. Ya ja mu wani ɗaki, ya ɗora wa Yaya abin sauraro a kai, ya kunna masa sautukan da suke koyar da sababbi da su. Sauran baƙi sun wuce wurin shan lemo, mu muna nan.

Na farko, Yaya ya ce, "Wanga mai rai ne, ba inji ba. Babba ne ƙwarai, kuma ba shi kaɗai ba ne, yana kiran wani." Mai sanƙo ya ce kifin nan ne da ya fi giwa girma. Na biyu, "Ƙananan abubuwa masu yawa, kamar ana toya wake." Mai sanƙo ya ce jatan lande ne. Na uku Yaya ya daɗe, ya ce a sake. Sannan ya ce, "Jirgi ne mai nauyi, yana tafiya a hankali. Amma farfelarsa ba lafiya, baki ɗaya ya lanƙwashe. Ji, tana ɗingishi." Mai sanƙo ya duba takardarsa, ya dubi Yaya, ya sake duba takarda. Ya fita da sauri ya dawo da matuƙiyar da wasu hafsoshi biyu, ya ce a sake a gabansu.

Sai mai sanƙon kuma ya ce lallai a nuna masa yadda ake saurare da filafili. Aka kawo na ƙaramin jirginsu na roba, Yaya ya ƙwanƙwasa shi ya mayar, ya ce wannan kurma ne, itace yake so. Aka rasa itace a duk jirgin yaƙin nan, sai doguwar sandar da suke wanke doron jirgi da ita. Muka sauka ƙaramin jirgi a gefen babban. Ga Yaya ba hula, babbar riga a naɗe a kafaɗa, ya tsoma sandar wanke-wanke a ruwan Ikko. Ga babban sojan ƙetare a durƙushe, Yaya ya kama kansa da hannu biyu yana gyara masa, yana faɗa da Hausa kamar yana ji: "Ba cikin kunne ba! Bisa ƙashi! Rufe bakinka!" Mutumin ya rufe ido. Can sai ya buɗe su, ya nuna wani jirgin jan manyan jirage da ke tahowa daga nesa, ya fashe da dariya kamar an ba shi kyautar doki. Ya rungume Yaya. Da za mu tafi ya cire hularsa ta soja ya ɗora masa a madadin wadda ruwa ya ci.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A duk wannan yini, ni mai harshe biyar, mai kwat, ban wuce bututun da magana ke bi ba. Na saba a irin wuraren nan ni ake kallo idan aka ce ga ɗan Arewa mai ilimi. Ranar nan ko sunana ba wanda ya tambaya. A hanyar gida Yaya yana ta zuba murna a cikin motar haya, ni ina kallon taga.

Hular sojan ba ta iso Yauri ba, an sace jakarsa a tashar mota. Ya iso da inji da labari kawai. Bayan wata uku na zo hutun Sallah, na tarar gari ya rabu biyu a kan labarin, kowa yana jiran ni. Bayan La'asar na je majalisar da ma'aikata ke zama gindin wata ɗorawa kusa da kasuwa, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti, mutanen da nake so su ɗauke ni nasu. Yaya ya hango ni, ya taho da warin kifi a jikinsa, fuskarsa tana walƙiya. Ya sake ba da labarin tun daga farko, da juya hannu da fat-fat-fat da komai. Da ya zo kan mace matuƙiya aka fara ƙyaƙyatawa. Da ya zo kan sandar wanke-wanke wani akawu ya faɗo daga benci. Hedimasta, lokacin kunnensa garau, ya share hawaye ya juyo gare ni:

"Malam, kai ne mai ilimi, kuma kana wurin. Haka ne?"

Yaya ya dube ni yana murmushi, ya harɗe hannu, irin tsayuwar wanda shaidarsa ta iso.

Na yi 'yar dariya na ce, "Ai kun san Yaya."

Kalma huɗu. Ban ce ƙarya yake yi ba, kuma da wannan na yi ta lallashin kaina shekara da shekaru. Amma kowa ya gane abin da nake nufi. A wurin nan aka raɗa masa Saukar Ungulu.

Bai yi faɗa a gaban mutane ba. Washegari da safe ya zo masaukina, bai zauna ba, ya ce, "Auta, a jirgin nan kunnenka anka toshe, ko jiya bakinka?" Ya juya. Damina biyu ba mu haɗa ido ba. In na zo gari sai in tarar da kifi an aiko, amma shi ba zai zo ba. Inna ce ta gaji, ta kira mu ɗakinta, ta ajiye akushi ɗaya a tsakaninmu ta ce ba mai fita sai ya ga gindinsa. Muka ci har muka ga gindinsa. Da muka wanke hannu ya ce, "Na yafe. Amma maganar tana wurinka, ajiya ce." Na ce to. Ban mayar ba.

Shi kuwa bai tsaya jiran a yarda da shi ba. Ya samo igiya mai ƙarfi, ya yi mata zobe a baki, ya naɗe zoben da tsohon tiyo don kada ya yanki hammata, ya ɗaura jarka don ta yi iyo. Kullum tana gaban jirginsa a naɗe. Ya kafa wa masu jirgin fito doka, wadda da farko suka yi wa dariya: in jirgi ya kife kada ka kutsa da inji cikin mutane, igiyar ruwanka za ta dulmuya wanda ya rage da numfashi. Ka kashe inji, ka tsaya gefe, ka jefa igiya. Na ga masu ceto a bakin teku a ƙasashe da dama, da jiragensu masu tsada da rigunansu masu launi, kuma abin da suke koyarwa bai wuce wannan ba. Yau da wuya ka ga jirgin fito a gaɓarmu babu irin igiyar nan. Suna kiranta igiyar ungulu. Sun karɓi igiyar, sun bar masa labarin a matsayin abin dariya.

Da shekaru suka tura, sunan ya zama na ƙauna, shi ma yana amsawa. Yakan ba da labarin a cikin jirgi, a yi dariya, ya taya su. Sai na ce wa kaina abin ya wuce, tayar da shi ma sai ya zama wani iri. Ran da aka yi kwana uku da rasuwarsa na shiga cikin gida gaishe da uwargidansa. Mun saba wasa da ita, amma ranar ba ta ɗago kai ba. Ta ce:

"Auta, ka ji abin da hedimasta ya ce a rumfa? Har nan ciki munka ji."

Na ce na ji.

"Yayanka yana dariya a waje, amma in ya shigo yakan yi shiru. Na ce mashi ya bar ba da labarin nan mana, tunda ba a yarda. Ya ce a'a, a bar shi da rai har Auta ya shirya. Ya ce kai ka fi shi iya magana, ran da ka faɗa za su yarda." Ta gyara lulluɓinta. "Ko a jinyar ga ya tambaya ko ka iso."

Na iso bayan an yi masa wanka.

Ranar addu'ar bakwai rumfa ta cika har bakin hanya. Da liman ya shafa, mutane suna neman takalma, na miƙe na ce ina da magana. Na je gaban hedimasta na durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa yi mini tambaya gindin ɗorawa, ban ba ka amsa ba. Haka ne."

Ya kafa hannu a kunne. "Mi?"

Na ɗaga murya. "Na ce haka ne! Labarin Yaya!"

"Wane yaro?"

Na so in faɗe ta a hankali, cikin mutunci, yadda ba za ta yi mini zafi ba. Allah bai nufa ba. Dole na miƙe tsaye, na buɗe maƙogwaro kamar mai kiran jirgi daga tsallake, har matan cikin gida suna ji:

"Duk abin da Yaya ya faɗa kan jirgin nan gaskiya ne! Ina wurin! Bai ƙara komai ba! Ni ne na ƙi ba da shaida!"

Hedimasta ya dube ni ya ce, wannan karon a hankali, "To mi ya hana ka faɗi tun ran nan?"

Na ce, "Girman kai."

Can daga baya wani tsohon masunci na Wara, abokin Yaya tun suna samari, ya ce, "Malam, har macen?"

"Har macen."

"Da sandar wanke-wanke?"

"Da hannunsa ya kama kan sojan ya gyara masa."

"Allahu akbar!" Ya buga cinya, hawaye na zuba, yana dariya. "Ashe mu ne wawayen! Ku zauna, ku zauna! Malam, ɗauko shi tun daga kwandon kifi!"

Waɗanda suka sa takalma suka cire. Na tsaya a tsakiyar rumfa, tsoho da farin gemu, na ɗaga hannu sama da kaina na juya shi, na ce fat-fat-fat-fat. Na ba da shi duka, ban rage ba, ban ƙara ba, kuma ban kai shi iyawa ba. Liman bai tsawata wa kowa ba. Shi ne ma ya ce in maimaita wurin farfela mai ɗingishi.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ya ciyar da baƙon da bai sani ba, ya ciro bayinKa daga ruwa, bai yi ƙarya ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da Inna da Baba a gidan rahama, Ka yafe wa ƙanensa jinkirin da ya yi.

Filafilinsa yana jingine a zaure, ƙotar ta yi santsi daidai inda take taɓa ƙashin kunnensa. Igiyar kuwa uwargidansa ta hana a ajiye ta a ɗaki, ta ce a mayar da ita gaban jirgi. Na mayar da ajiyarka, Yaya, a gaban mutanen da ka so su ji. Haka ne. Haka aka yi.